Godiya Bayan Abin da Ya Same Ni a Gaɓar Uig

Alhamdu lillahi, jiya aka kwance mini ɗaurin ƙafa, na taka ƙasa ba sanda a karon farko tun ranar da na faɗi a gaɓar teku ƙafata ta karye. 'Yan'uwa da abokai, kun bi labarin tun daga farkonsa, saboda haka ba zan sake jero shi dalla-dalla ba, ƙarfin yin hakan ma babu.

Aikin da ya kai ni gundumar Uig, a yammacin tsibirin Lewis na ƙasar Sikotilan, shi ne tattara sunayen gaɓar teku daga bakin tsofaffi tun suna raye. Ma'aikatan taswira sun zaga tsibirin wajen 1850 sun rubuta abin da suka samu, amma taswira ba ta ɗaukar kowane dutse, alhali masunci yana da suna ga duk lungun da ya taɓa jefa ƙugiya. Da harshen Gelik suke kiran wuraren, ko da yake kalmomi da yawa gadon mutanen Norwe ne, waɗanda tsibiran ke hannunsu har zuwa 1266. Sgeir dutse ne a cikin teku, bodha shi ne wanda ruwa ke rufewa ya ɓoye wa mai jirgi, geodha kuwa matsattsen kwazazzabo ne da teku ke kutsawa tsakanin duwatsu.

A gindin irin wannan kwazazzabo, kusa da ƙauyen Mangarstadh, santsi ya kwashe ni, ƙafa ta karye. Ba zafin karayar nake tunawa ba. Abin da har yanzu ke hana ni barci shi ne yadda nake kallon teku tana cikowa, dutsen da ɗazu yake a bushe ya nutse, na gabansa ma ya bi shi, ni kuwa ba abin da ke bakina sai kalmar shahada. Wurin ba ya kan taswira, waya kuma ba ta kamawa. Amma da safiyar ranar wani dattijo ya faɗa mini sunan kwazazzabon, ya sa na maimaita shi har sai da lafazina ya gamsar da shi, ina ta ƙosawa a raina. Da wannan sunan ne yaron da ke raka ni ya ruga ƙauye, kuma da jin sa dattijon ya kawo masu ceto da igiyoyinsu wurina kai tsaye, ba su ɓata lokaci wajen nema ba.

Mutanen nan ba sa son a yabe su a bainar jama'a, amma Baba na Mangarstadh, kai da ka koya mini sunan nan, ka yi haƙuri, sai na ambace ka. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'arka. Haka Inna ta ƙauyen Breanais, wadda ta share mini ɗaki ta tambaye ni inda alƙibla take don ta gyara mini wurin salla. Masu ceto na gaɓar teku, ma'aikatan jinya, da jama'ar masallacin da aka buɗe a 2018 a Stornoway, babban garin tsibirin, da suka riƙa zuwa dubiya da abinci, Allah ya tsare ku daga irin ranar da na gani, ya kai muku ɗauki a duk inda kuka shiga ƙunci.

Akwai 'yan'uwa na jini a nan Birtaniya da na yi ta zuba ido in gani, tunda jirgin ruwa daga garin Ullapool zuwa tsibirin bai kai awa uku ba. Allah ya sa uzuri ne ya riƙe su.

Littattafan da na rubuta sunayen sun jiƙe, amma muryoyin da na naɗa suna nan lafiya. Saura gaɓar da ta miƙe daga Breanais zuwa Mealasta, ƙauyen da aka tashi mutanensa a 1838, kuma Baba ya ce in koma a watan Mayu in Allah ya kai mu, domin akwai sunayen da bai gama faɗa mini ba.