Yadda na tayar da shafin shago bayan sabunta filogin ya kayar da shi

Shafin na wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi, an gina shi a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ni ke kula mata da shi. Da asuba ta kira ni: "Ɗana, masu saye suna cewa shafi ba ya buɗewa." Na duba, babu kaya babu hoto, sai layi guda mai cewa an samu babbar matsala. Ɓangaren gudanarwa ma ya ƙi shiga.

Tun sigar 5.2 da ta fito a 2019, idan irin wannan ta faru WordPress kan aika imel ga mai gudanarwa, ɗauke da sunan filogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi don wani aiki) da ya jawo matsalar da mahaɗin shiga yanayin gyara. Namu bai iso ba, domin adireshin da ke cikin saituna na wanda ya fara gina shafin ne. Sai na bi ta cPanel, wurin sarrafa fayilolin shafin a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, na buɗe fayil ɗin wp-config.php, na kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG don a riƙa rubuta kurakurai a fayil, na kashe WP_DEBUG_DISPLAY don kada baƙi su ga sirrin sabar. Da na sake loda shafin, sai ga debug.log, fayil ɗin kurakuran, a cikin foldar wp-content.

A nan nake son masu wannan sana'a su tsaya. Da yawanmu da zarar shafi ya faɗi sai su hau goge-goge, ko su kashe filogin gaba ɗaya suna kunna su ɗaya bayan ɗaya. Hanya ce da ke aiki, amma lalube ne cikin duhu alhali ga fitila a hannu. Layin ƙarshe na debug.log ya faɗa mini sunan foldar, da fayil ɗin, da lambar layin da PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, ta kasa karantawa. Filogin ɗin lissafin kuɗin aika kaya ne, ya sabunta kansa cikin dare, kasancewar tun sigar 5.5 a 2020 ana iya barin filogin ya riƙa yin haka.

Na shiga wp-content/plugins na sauya wa foldarsa suna. Idan WordPress bai ga fayil ɗin ba, tsallake shi yake yi, saitunansa kuma suna nan a rumbun bayanai. Nan take shafi ya dawo, na ce wa Hajiya ta sanar da masu saye cewa kuɗin aikawa za a yi shi ta WhatsApp zuwa yamma.

Sai dai tushen ciwon ba a filogin kaɗai yake ba. Sabuwar sigarsa an rubuta ta da salon PHP 8, sabarmu kuwa tana kan 7.4, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Da ma ya kamata a ɗaga ta. Ban taɓa shafin da mutane ke ciniki a kai ba. Na kwafe shi da rumbun bayanansa zuwa wani adireshi na gwaji, a can na ɗaga PHP. Ai kuwa kwafin ma ya faɗi, wannan karon daga jigon shafin, wato abin da ke tsara kamanninsa, wanda ke kiran create_function, umarnin da aka cire tun PHP 8.0. Na sake rubuta wurin, na gwada saka kaya a kwando har zuwa biyan kuɗi, sannan na maimaita matakan a ainihin shafin, na mayar wa foldar sunanta.

Kafin in rufe kwamfuta na sa imel ɗin da nake dubawa kullum a saituna, na kashe sabuntawar kai-tsaye ga duk filogin da ya shafi kuɗi. Waɗannan yanzu da hannu nake sabunta su, da dare bayan ciniki ya lafa, bayan na ɗauki kwafin ajiya na gwada a shafin gwaji.