Ka kwana a lokeshin kafin ka kai mutane

Wannan magana tawa da ku nake yi, ƙannena da kuka shigo harkar fim, musamman wanda furodusa zai danƙa wa jakar kuɗi ya ce ci da sha da kwanan mutane suna wuyansa. Mu nan Kano da wuya ka samu wani sutudiyo a bayan gari da za a ce ga ɗakunan kwana, ga kicin, ga wuta. Ƙauyen fim ɗin da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa, ta ƙaramar hukumar Bebeji, an janye maganarsa a 2016 bayan ce-ce-ku-cen da ya taso. Saboda haka yawancin fim ɗin ƙauye da ka gani, wani ne ya ɗauki sutudiyon a ka ya kai shi daji. Karon farko da aka ɗora mini wannan kaya, na kayar da shi.

Lokeshin ɗin, wato wurin ɗaukar fim ɗin, wani ƙauye ne ta wajen Tiga, kudu da Kano. Na je duba shi a watan Afrilu, da rana tsaka. Na ga bukkoki, na ga kuka, na ga dutse a bayan gari, na ɗauki hotuna na tura wa darakta, ya ce madalla. Ko awa biyu ban yi ba na juyo. A hanya akwai wani busasshen rafi, yashi zalla, na bi ta kansa da babur ban ma lura ba.

Kuɗin aiki bai haɗu ba sai watan Agusta. Ranar da muka iso da motoci biyu, rafin nan ruwa ne iya ƙugu. Direbobi suka ce ko za a yanka su ba za su shiga ba, kuma gaskiyarsu. Sai amalanken shanu muka nema ya tsallakar da janareto da fitilu, mai kamara ya ɗora akwatinsa a ka yana ta addu'a. Yinin farko ya tafi a bakin rafi, ba mu ɗauki ko sin ɗaya ba.

Lissafin abinci ma a takarda na yi shi: jarumai 18, ma'aikata 12. Na manta direbobi suna da ciki. Na manta yaron janareto, da yarinyar mai kwalliya, da ƙannen da suka rako jarumai mata, balle mutanen gari da muka tara su cika mana taron biki, waɗanda ba yadda za a yi ka ci su suna kallo. Shinkafar kwana shida a kwana na uku ta ƙare, kasuwar yankin kuma sai mako-mako take ci.

Amma duk wannan bai kwana a raina ba kamar abin da ya faru da asubar farko. Akwai wata dattijuwa a cikin jarumanmu, sa'ar mahaifiyata, wadda ta fito a matsayin kaka. Na fito daga ajin makarantar da muka kwana, sai na gan ta tsaye da buta a hannu, ta yafa mayafi. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗan nan, zo. Ina ka tanadar mana mu kewaya?" Na buɗe baki, ba abin cewa. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, bari in tambaya." Ta ce, "Tun jiya da magariba yaran nan mata suka ƙi shan ruwa, ka san dalili?" Ban sani ba, domin ban taɓa tunanin abin ba. Ni namiji ne, bayan dutse ya ishe ni. Mata tara na kwaso daga gidajensu da amanar iyayensu da mazajensu, ban tanadar musu banɗaki ba. Wata baiwar Allah a maƙwabta ce ta buɗe musu gidanta, ita ta rufa mana asiri.

Da na kwana ɗaya a garin nan tun zuwan farko, da kusan duk wannan na gan shi. Dare ne yake nuna maka sauro, ya nuna maka cewa waya ba ta shiga sai an hau dutse. Safiya ce take nuna maka injin niƙa da ake tayarwa daf da gidan da ka zaɓa, wanda mai ɗaukar sauti zai yi ta kuka da shi har azahar. Da safe ne za ka ga layin da ke bakin tuƙa-tuƙa, ka gane cewa mutum arba'in in suka sauka, ruwan masu gari za su ƙwace. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma makantarsa ta fi yawa in ya zo da rana ya koma da rana.

Dagaci kuwa, kai da kanka za ka je, da goronka, ka zauna ƙasa ka ce ranka ya daɗe, ka faɗa masa labarin fim ɗin da bakinka. Takardun hukumar tace fina-finai dole ne, amma ba su ne za su hana a tashe ku daga ƙofar gidan wani ba. Ni saƙo na aika ta bakin wani saurayi, sai da na sha zaman ba da haƙuri. Shi dagacin ne ma daga baya ya nuna mana inda ƙaramin asibiti mafi kusa yake, daren da kunama ta harbi yaron fitila.

Kuɗi ka riƙe su a hannu, da canji. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na ga mai itace ta sauke kayanta ta sake ɗauka saboda an ce za a tura mata ta waya. Fetur kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, shi nake fara rubutawa a kasafi, in ƙara jarka biyu a kan abin da mai janareto ya ce, in sayi doguwar waya don a kai injin nesa da masu magana. Abin da aka ɗauka kullum a kwafe shi wuri biyu kafin kowa ya kwanta.

Yanzu in zan duba lokeshin, da tabarma da gidan sauro nake tafiya, kuma a irin watan da za a yi aikin. Ina tafiya da mace ɗaya daga cikin ma'aikata, ta shiga cikin gidaje inda ni ba zan shiga ba, ta dawo ta faɗa mini inda mata za su kwana da inda za su yi wanka. In ta ce wurin bai yi ba, nakan kira darakta in ce a nemi wani garin, ko da kukarsa ta fi ta ko'ina kyau a kamara.