Rumbun Gwaji Kafin Na Gaske

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna gina shafukan intanet da WordPress, muna kuma rubuta plugin, wato 'yan ƙananan manhajojin da ake jona wa shafi don ya ƙara wani aiki. A Git, manhajar da ke adana fayiloli da tarihin canje-canjensu, muke ajiye aikinmu na yau da kullum, shi kuwa rumbun plugin na WordPress.org da Subversion yake aiki, wanda aka fi sani da SVN, wata manhaja mai irin aikin Git. Dole ke nan a sami 'yar manhaja a tsakani: ta kwashe fayiloli daga Git ta zuba a trunk, wato babban ɗakin aiki na rumbun SVN, ta kwafa su zuwa ɗakin tags da lambar sabon fitarwa, hotuna kuma ta kai su ɗakin assets.

Wannan 'yar aike na fi jin tsoro, fiye da plugin ɗin kansa. Duk abin da ta tura WordPress.org, bakin alƙalami ya bushe. Ko ka goge fayil daga baya, yana nan cikin tarihin rumbun, kowa na iya tono shi. Idan kalmar sirri ce ta bi cikin kayan, sai dai ka canza ta. Ga shi tun fitowar WordPress 5.5 a 2020 mai shafi yana iya barin plugin ya riƙa sabunta kansa, don haka ɓataccen aiki kan isa shafukan mutane suna barci.

Shi ya sa ba ma barin ta ta fara da rumbun gaske. Da umarnin svnadmin create muke ƙirƙirar rumbun bogi a kan kwamfutarmu, mu yi masa trunk da tags da assets kamar na can, mu ba ta adireshin da ya fara da file://. Ta ɓangaren Git ma haka, git init --bare ya wadatar. Babu data, babu jiran sabis.

Bayan ta gama sai a zauna bincike, nan ne aikin yake. Muna jawo abin da ta tura cikin sabon wuri, mu gwada shi da abin da muka yi niyya. Shin .git, ɗakin da Git ke ajiye tarihinsa, ko fayilolin gwaji sun bi ta? Lambar Stable tag da ke readme.txt, mai nuna fitarwar da za a ba mutane, ta yi daidai da ta tags? Inda irin waɗannan manhajoji suka fi tuntuɓe shi ne fayil ɗin da aka cire a Git amma ya maƙale a trunk, domin SVN sai an ce masa svn delete. Turawar farko ba ta nuna wannan, sai an goge wani abu an sake turawa. Muna ma katse ta da gangan tana tsakiyar aiki, tunda wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Yaran da ke koyon aiki a wurina adireshin bogin kawai kwamfutocinsu suka sani. Na gasken da hannu ake rubuta shi, ranar fitarwa, bayan mutum biyu sun duba.