Hausar da Nake Ɓoyewa Ita Ta Hau da Ni Jirgi

A Makka aka haife ni, wajajen Shara Mansur. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru yana ƙwadago a Sudan kafin ya ƙetare Bahar Maliya. Muna yara, Hausa ta cikin gida ce kawai. Da mun fito titi sai mu koma Larabci, gudun kada a ce mana Takari.

Ranar gwajin ɗaukar ma'aikatan cikin jirgin sama a Jidda, Turancina ɗingishi yake yi, na san ban burge kowa ba. Sai mai tantance mu ya ga na rubuta Hausa a takardata. Ya ɗago kai ya ce, "Da gaske kana jin ta?" Jigilar alhazai ta ƙarato, suna neman wanda zai yi magana da mutanen Najeriya da Nijar.

Mutane sun ɗauka aikinmu rabon shinkafa da shayi ne. A horon da muka sha, abinci ne ƙarshen darasi. Kashe gobara, farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, buɗe ƙofa cikin hayaƙi, su muka fi maimaitawa. An gina jirgi ne a kan a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, ko da rabin ƙofofin sun ƙi buɗuwa, kuma a ƙa'ida kowace kujera 50 da ma'aikacinta ɗaya. Duk shekara sai ka sake zama jarrabawa.

Albashi kashi uku ne: na wata, da kuɗin awannin da ka yi a sama, da na kwanan waje. Na tsakiyan nan ne ke cika aljihu, shi ne kuma ke ci mini rai. Lissafi ba ya farawa sai jirgi ya motsa. Ka yi awa uku a tashar alhazai ta Jidda, ƙarƙashin rumfunan nan masu kama da tantuna, kana fama da jakunkunan da suka wuce kilo, kana lallashin Alhaji ya bar jarkar zamzam a sa ta cikin kaya, duk wannan ladan Allah ne. Wata na Hajji riyal ya shigo, wata na sanyin kasuwa ka ƙirga kwabo. Sallah huɗu a jere ban ci naman layya a gida ba.

A 2023 da yaƙi ya ɓarke aka rufe sararin Sudan, hanyar Kano ta koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. A ɗaya daga waɗannan tafiye-tafiyen na lura da wata tsohuwa, tun tashinmu ba ta ci ba, ba ta sha ba. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, tana tsotse ruwan jiki, leɓenta har ya tsage. Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da hanya. Ko ruwa ba za ki kurɓa ba?"

Ta riƙe hannun rigata. "Kai ɗan nan, ashe namu ne? Tsoro nake ji in sha, fitsari ya kama ni. An ce ramin can yana zuƙe mutum."

Ban yi dariya ba, ko da yake ta taso mini. Na kira abokiyar aikina ta raka ta, ni kuma daga bakin ƙofa ina fassara: ga abin dannawa, ƙara ce kawai, ba ya cin kowa. Da ta dawo ta shanye gora guda, ta kwance bakin zane ta ba ni goro ɗaya. Tun daga ranar, kafin mu tashi nake bin layi ina faɗa wa tsofaffi zancen bayan gida da na taimama, don alwala a wannan ɗan ɗaki ambaliya take jawowa.

Hanyar ci gaba a wannan aiki siririya ce: ka zama shugaban ma'aikatan ciki, ko mai horar da sababbi, ko ka sauko ofis in bayanka ya fara ciwo. An tsallake ni sau biyu, kuma duka biyun Turancin nan ne. Yanzu darasin dare nake zuwa a ranakun hutu. Ɗana kuwa in ya amsa mini da Larabci a gida, sai in yi kamar ban ji ba.