Iskandariyya: Rairayi, Laima da Kifin Anfushi

Yawancinmu matan da muka biyo mazajenmu karatu Azhar, Masar ɗin da muka sani ba ta wuce unguwar Madinat Nasr da ke Alƙahira ba: gida, kasuwa, sai gidan 'yar'uwa Bahaushiya ranar suna. Ni ma haka na zauna a farkon zuwana daga Zariya, ina tuƙa tuwo da garin da aka aiko mana daga gida, ina lissafin shekarun da suka rage wa Malam ya kammala. Maƙwabciyata Bamisriya, uwar 'ya'ya huɗu, ita ta fitar da ni. Da zafin Yuli ya tsananta ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce sun kama ɗaki na mako guda a Iskandariyya da kuɗin adashen da take zubawa tun sanyi, kuma akwai wurin da zai ɗauke mu. Na ce sai na tambayi Abban yara. Ta ce, "Tambaye shi, 'yar'uwa, amma ki fara haɗa kaya."

Daga tashar Ramsis muka hau jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa uku, muka sauka tashar Sidi Jabir a Iskandariyya. Birnin a miƙe yake a gefen Bahar Rum, titi ɗaya mai faɗi yana bin gaɓa tun daga Muntaza a gabas har Anfushi a yamma, ƙananan bas suna ta kai da kawowa a kansa dare da rana.

A Sidi Bishir na fara taka rairayin teku. Ana biyan kuɗin shiga, a kama hayar laima da kujerun roba, kuma wanda bai yi sammako ba sai dai ya zauna can baya. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne matan. Na zo da fargabar zan ga tsiraici, sai na tarar da iyaye mata da 'yan mata suna shiga ruwa da dogayen riguna da hijabinsu, kaka tana zaune a kujera ruwa yana dukan ƙafafunta, tukunyar shinkafa da dafaffen ganyen kabeji a gefenta. Talakawa ne, direbobi da malaman makaranta da masu shago, sun yi shekara suna tari don wannan makon. Wannan ya burge ni ƙwarai. A wajensu fitar da iyali su huta wani haƙƙi ne da maigida yake jin nauyinsa a wuyansa.

Na shiga har gwiwa, ina riƙe da hannun maƙwabciyata. Teku ba ya tsayawa wuri ɗaya. In igiyar ruwa ta koma sai ka ji yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka yana zarewa. Masu ceto suna ta busa usur, kuma ranar da aka kafa jar tuta ba mu bar yaro ko ɗaya ya matsa ba. Ba zan ɓoye ba, akwai kallo, akwai kuma samarin da suka jefo magana kan launin fatarmu. Kafin in buɗe baki maƙwabciyata ta wanke su tas, har wani dattijo ya taso ya ba mu haƙuri.

Da yamma sai Anfushi, unguwar masunta. Nan ne ganuwar da Sarki Ƙaitbay ya gina a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da take haska wa jiragen ruwa hanya. Nan ne kuma masallacin Abul Abbas al-Mursi, kusa da shi kabarin almajirinsa Imam Busiri mai Alburda. Malam ya daɗe a wurin. Ya ce tun yana makarantar allo yake jin baitocin a bakin mahaifinsa, bai taɓa zaton zai tsaya a inda mai su yake kwance ba.

Gidajen cin kifi na unguwar ba a kawo maka takardar zaɓi. Ana kai ka gaban kifin da aka shimfiɗa a kan ƙanƙara, ka nuna wanda kake so, a auna da kilo, sannan a tambaye ka yadda za a yi shi. Maƙwabciyata ta koya min duba ido da jan da ke cikin kunnen kifi, ta kuma ja kunnena in tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a ma'auni. Kifin da suke kira buri ana birkiɗa shi a dusa a gasa har bayan ya yi baƙi, sai a ɓare fatar, naman ciki fari tas da laushi. Akwai wanda ake tsagawa a buɗe, a jera masa tumatir da albasa da tattasai, a sa a tanda. Shi suke kira sinjari. Ana kawo shi da shinkafar da aka dafa da soyayyar albasa har ta yi ja, da niƙaƙƙen riɗi, da burodinsu mai kama da gurasar Kano.

Jatan lande da ƙaguwa ne suka tsayar da ni. Na dubi Malam, ya ce, "Maman yara, a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne, ci abinki." Jatan landen ya shiga raina. Ƙaguwa kuwa har yau yara na bar wa.

Da muka koma Alƙahira na fara zuwa kasuwar kifi da kaina, ina ciniki da Larabcin titi da na tsinta a bakin yaran maƙwabta. Na kuma kai maganar wajen matanmu. Wasu sun ce kuɗin makaranta da na haya ma da ƙyar, kuma gaskiyarsu ne. Duk da haka mun fara adashe, kowace da abin da za ta iya, muna so baɗi mu kai yara Marsa Matruh, wadda maƙwabciyata ta ce ruwanta ya fi na Iskandariyya haske da kwanciya.