Abin da na koya daga nazarin abotar Judith Wright da Kath Walker

Da aka ba ni aikin rubuta muƙala kan marubuta waƙoƙin Ostireliya, sai na zaɓi mata biyu da asalinsu ya yi hannun riga: Judith Wright, wadda aka haifa a 1915 cikin zuriyar Turawa masu manyan filayen kiwo a yankin Armidale, da Kath Walker, 'yar asalin ƙasar daga tsibirin North Stradbroke, wadda daga baya ta koma amsa sunan Oodgeroo Noonuccal. Na shimfiɗa doguwar takarda a kan tebur, na jera shekaru a gefe, na ba kowacce layin littattafanta, sannan na ware layi na uku ga al'amuran siyasa.

Labarin da aka fi maimaitawa shi ne cewa Wright ce ta duba rubutun Walker a madadin kamfanin buga littattafai na Jacaranda da ke Brisbane, ta ba da shawarar a buga shi, har kundin waƙoƙin Walker mai suna We Are Going ya fito a 1964. Wannan gaskiya ne, sai dai wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa ɗaya ce mai bayarwa, ɗayar kuma mai karɓa. Takardar tawa ta nuna akasin haka. A 1959 Wright ta wallafa tarihin kakanninta, The Generations of Men. A 1981 kuma ta koma wa tarihin nan cikin The Cry for the Dead, inda ta fito da kisan gilla da ƙwacen ƙasa da aka yi wa 'yan asali. Tsakanin littattafan biyu akwai ƙuri'ar raba gardama ta 1967 kan gyara sassan tsarin mulki da suka shafi 'yan asali, wadda Walker ta yi wa yaƙin neman goyon baya, akwai kuma waƙar da Wright ta yi mata, tana kiran ta 'yar'uwa, tana kuma amsa cewa ita jinin waɗanda suka ci ƙasar da ƙarfi ce.

Duk da haka ban yarda na ɗora wa abota dukan sauyin da Wright ta yi ba, domin Wright ta yi shekaru tana tare da H. C. Coombs, masanin tattalin arziki mai fafutukar haƙƙin 'yan asali, kuma tare suka yi aiki a kwamitin neman yarjejeniya da 'yan asali da aka kafa a 1979. Game da masu sukar da suka kira waƙoƙin Walker farfaganda kuwa, sai da na karanta su da ƙarfi kafin na gane cewa an tsara su ne don kunnen taron jama'a, saboda haka a muƙalar na auna su da ma'aunin waƙar da ake karantawa a dandali.