Inda na kwana a tantance shekarun tagullar ƙararrawar barori

'Yan uwa masu wannan sha'awa, ga inda aiki ya kai. Abin da ke kan teburina yanzu hannuwan jan ƙararrawa ne irin waɗanda ake kafawa a gefen murhun ɗaki a tsofaffin gidajen Ingila, da 'yan gwiwoyin tagulla masu juya waya a kwana, da ƙararrawa ɗaya da har yanzu take maƙale da sifirinta.

Ga sababbin shigowa: tun tsakiyar ƙarni na 18 manyan gidaje suka fara jan wayar jan ƙarfe daga ɗakunan iyayen gida zuwa sashen barori. A ja hannu a falo, waya ta bi bango, gwiwa ta karkata ta a kowace kusurwa, har ta girgiza ƙararrawa a can ƙasa. Kowace da muryarta, don bara ya gane ɗakin da ake kiransa. Wasu ma an rataya musu ɗan ƙarfe mai lilo da ke ci gaba da kaɗawa bayan ƙara ta ɗauke. A gidan Erddig na Wales jerin ƙararrawar yana nan har yau a lungun barori.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a wannan zango shi ne juya ƙarfe a dubi bayansa. Fuska ba ta da amana, domin an yi ta maimaita tsohon ado shekara da shekaru, har yau ma ana zuba sababbi da shi. Baya kuwa maƙeri bai damu ya gyara shi ba. Wanda aka zuba a yashi za ka ji shi da nauyi, bayansa da kaushi, ga sawun magagari inda aka kankare gefe. Wanda aka buga da inji daga fallen tagulla siriri ne, kuma adon fuskar yana fitowa a baya a lotse. Buga tagulla haka ya fara ne wajen 1770, Birmingham kuma ta zama cibiyarsa, don haka bugagge ba zai riga wannan lokaci ba. Amma zubabbe ba lallai ya fi tsufa ba, tunda ba a daina zubi ba.

Sai sukurori, kuma a nan na fi daɗewa. Kafin ƙarshen shekarun 1840 sukurun da ake ɗaurawa a katako ba shi da tsini, bakinsa a datse yake, sai an fara huda rami a ɗaura shi. Tsagar kansa sau da yawa ba ta tsakiya, don da hannu aka yanka ta. Mai tsini ya bazu a Ingila bayan kamfanin Nettlefold na Birmingham ya fara ƙera shi da injin Amurka a 1854. Mai tsagar kuros kuwa na shekarun 1930 ne zuwa gaba. Sai dai a kula, sukuru yana faɗin ranar da aka ɗaura ne, ba ranar da aka ƙera ba. Hannu ɗaya a wurina sukuronsa biyu datsattsu ne, ɗaya mai tsini, alamar wani ya taɓa gyara shi. Don Allah kada ku zubar da sukurori idan kun kwance. Ku sa na kowane ƙarfe a ledarsa.

Idan Allah ya sa akwai hatimin rajista, wato alamar an yi wa zanen kayan rajista a hukumance, aiki ya zo da sauƙi. Daga 1842 zuwa 1883 ana buga alama mai siffar daimon, da lambar Romawa I a da'irar sama idan kayan ƙarfe ne. Harafin da ke nuna shekara yana kusurwar sama har 1867, daga 1868 ya koma dama. Daga 1884 aka bar daimon aka koma rubuta lambar rajista a jere. Wannan ma ranar rajistar zanen yake nunawa, ana iya ci gaba da ƙera abin shekaru bayan haka.

Ƙararrawar lantarki ta bazu a gidaje bayan batirin Leclanché na 1866, ta kawo madanni da allo mai 'yan tutoci masu nuna ɗakin da aka yi kira. Idan ka ga faifan tagulla mai rami a tsakiya da ɓurɓushin waya mai rufin zare a baya, na zamanin ƙararrawar lantarki ne. Gidaje da yawa sun yi amfani da tsarin biyu tare.

Maganaɗisu kuwa ya zama abokin tafiyata: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa tagulla. Goge-goge na dakatar da shi gaba ɗaya, ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi kawai nake sa wa, saboda man gogewa yana cinye hatimi da sawun magagari, su ne kuma shaidunmu.

Gwiwoyin ne suka rage mini. Ba su da hatimi, ba su da ado, don haka zan auna kaurinsu da faɗin ramukan wayarsu, in jera su bisa yadda aka haɗa kowace da ƙusarta. Wanda ke da gwiwa da aka san shekarar gidanta, ya taimaka da awonta mu gwada.